Tambaya: Boilar masauki tana zubar da ruwa idan ta yi zafi, kuma tana mutuwa a kan janareta

Mai Aikin Famfo, Tudun Wada:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe da manyanmu da abokan sana'a da ke wannan zaure. Na shekara goma sha ɗaya ina aikin famfo a Zariya, amma abin da na saba haɗawa na ruwan zafi bai wuce hitar bango mai lita 50 ko 80 ba, wadda ake ratayewa a banɗaki ɗaya. A bana ne wani mai masauki ya damƙa mini aikin da ya fi wanda na saba, kuma na ga gara in yi tambaya a bainar jama'a da in yi ta lalube da dukiyar mutane.

Masaukin bene ne mai hawa biyu, da ɗakuna 36. Mai shi ya gaji da hitocin lantarki, domin idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, baƙi kan kunna su kusan lokaci ɗaya da asuba, janareta ya yi ta nishi, bireka ta yi ta faɗuwa. Saboda haka ya sayo boila guda ɗaya mai aiki da gas, mai ƙarfin kilowat 120, muka girka ta a wani ɗaki da aka gina mata a ƙasa, bayan ginin. Ruwan da take dafawa ba shi ake wanka da shi ba. Yana zagayawa ne a rufaffen bututu, famfo ya tura shi har saman benen, ya ratsa ta murɗaɗɗen bututu a cikin tankuna biyu masu lita 1,000 kowanne, ya bar musu zafinsa, sannan ya dawo. Daga ƙasan ɗakin boila zuwa bututu mafi tsayi na auna mita 12, kuma ranar da muka cika shi, mitar ruwa ta nuna kusan lita 500. An haɗo mana da wani jan tanki ƙarami mai lita 24, na ɗaura shi kusa da boilar kamar yadda hoton takarda ya nuna.

Matsala ta farko ita ce, idan na cika ruwan yana da sanyi, allurar agogon matsi kan tsaya a bar 1.5. Da zarar zafi ya doshi digiri 70, sai ta yi ta hawa har ta kai bar 3, bawul ɗin tsaro ya fara tsiyayar da ruwa a ƙasa. Washegari da safe sai in tarar ta sauko ƙasa da bar 1, boilar ta ƙi tashi, ina kuma jin ƙulu-ƙulun iska a bututun sama. Na bi kowace mahaɗa da tocila, ban ga yoyo ba. Ta biyu kuma, a kan wutar NEPA boilar tana ci lafiya lau, amma da an juya zuwa janareta, sai wuta ta kama na ɗan daƙiƙu ta mutu, ta sake gwadawa, daga nan ta kulle kanta.

Wani abokin aiki ya ce in cire bawul ɗin tsaron in toshe wurin, in kuma haɗe wayoyi biyun makunnin da ke kashe ta idan matsi ya faɗi, wai haka ake yi. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku. Allah ya saka wa wanda ya taimaka da alheri.

Injiniyan Samaru:

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin komai, kada ka toshe wannan bawul, kada kuma ka bari wani ya toshe shi a bayan idonka. A duk kayan da ka lissafa, shi ne ya yi aikinsa daidai, kuma ruwan da ka gani a ƙasa shi ne ya hana wata mahaɗa ko jikin boilar tsagewa.

Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Daga digiri 20 zuwa 80 yakan ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, wato lita 500 ɗinka za su nemi wurin lita 515. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka waɗannan lita 15 dole su sami inda za su shiga, in ba haka ba matsi ya haura cikin ƙanƙanen lokaci. Aikin jan tankin nan ke nan, wanda muke kira tankin faɗaɗa. A cikinsa akwai roba da ta raba shi gida biyu, gefe ɗaya iska ce da aka hura, ɗayan gefen kuma ruwa ne. Idan ruwa ya kumbura sai ya tura robar, iska ta matsu ta ba shi wuri, idan ya huce kuma iska ta mayar da shi cikin bututu.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne zaton cewa tanki mai lita 24 zai karɓi lita 24. Ba zai karɓa ba, domin iskar ciki ba ta ɓacewa, matsuwa kawai take yi. Lissafinsa kuwa mai sauƙi ne. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da kusan bar 1, don haka mita 12 ɗinka bar 1.2 ce tun kafin a yi komai, nauyin ruwan kawai. Ana ƙara kamar bar 0.3 a kai domin bututun can sama ya kasance cikin matsi, sai a sami 1.5, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a hura wa tankin. Ta ɗaya gefen, tunda bawul ɗinka na buɗewa a bar 3, ba ma son matsin aiki ya wuce 2.5. A lissafin iska ana ƙara wa kowanne bar 1 ta nauyin sararin sama, su zama 2.5 da 3.5. Idan ka raba 2.5 da 3.5, ka cire abin da ya fito daga 1, za ka sami kusan 0.29, ma'ana tankin ba zai karɓi ruwan da ya wuce kashi 29 cikin 100 na girmansa ba. Naka mai lita 24 zai karɓi lita 7 ne kacal, ko 9 idan aka bar shi ya kai har bar 3. Ragowar lita 6 su ne kake sharewa a ƙasa. Zariya tana sama da mita 600 daga matakin teku, nauyin iskarmu ya ɗan gaza bar 1, amma hakan bai sauya wannan sakamako da wani abin kirki ba.

Daga nan ne kuma matsalar safiya ta samo asali. Cikin dare ruwa ya huce ya koma girmansa na da, alhali an riga an zubar da wani sashe nasa. Agogonka yana ƙasa ne, saboda haka idan ya nuna bar 0.9 a ginin da ke buƙatar 1.2, yana gaya maka cewa mita uku na sama babu ruwa a cikinsu. Ƙaramin bawul ɗin fitar da iska da ke can ƙololuwa sai ya koma zuƙo ta. Ƙulu-ƙulun da kake ji ke nan, kuma makunnin da abokinka ke son a haɗe ya yi gaskiya da ya hana wuta kamawa.

Idan ka raba lita 15 da 0.29 za ka sami lita 52, amma ni ba zan sa ƙasa da mai lita 80 ba, domin ana son ɗan ruwa ya zauna a tankin ko da sanyi, kuma boila kan zarce zafin da aka saita mata a wasu lokuta. Ina zaton mai lita 24 ɗin an yi shi ne don ruwan cikin boilar kaɗai, ba a lissafa dogayen bututunka ba.

Akwai yadda ake auna iskar tankin, kuma a nan ma ana yawan yin kuskure. Ba a auna ta alhali ruwa na danne da robar, domin matsin ruwan za ka karanta. Sai ka rufe hanyarsa, ka zubar da ruwan cikinsa, sannan ka ɗora ma'auni a bakin bawul ɗin da ke bayansa, wanda yake daidai da na tayar mota, har ma'aunin mai faci zai yi maka. Idan ka danna tsinken bawul ɗin ruwa ya fito maimakon iska, robar ta fashe. Bayan ka hura shi zuwa bar 1.5, sai ka cika ruwa mai sanyi zuwa kamar 1.7. Ka tabbata an haɗa tankin a bututun dawowa, ta gefen da famfo ke zuƙa, ba ta gefen da yake turawa ba, domin a mahaɗar tankin ne matsi ba ya sauyawa ko famfo na aiki ko ba ya yi, kuma idan tana gaban famfon, sai ya riƙa rage matsi a bayansa har ya jawo iska. Bawul ɗin da ke kan hanyar tankin ya zama irin wanda ake kullewa a buɗe, ko ka cire masa hannu. Tsakanin boila da bawul ɗin tsaro kuwa kada a sami wani abin rufewa ko ɗaya, kuma a ja bututun zubarsa zuwa ƙasa kusa da magudana, inda ido zai gani amma ba zai watsa wa mutum ba.

Maganar janareta na bar wa masu wayarin. Sai dai ka duba farantin da ke jikin boilar. Yawancin waɗanda ake shigowa da su daga Turai an saita su ne a kan gas na bututu, wanda ake rubuta wa G20, mai matsin miliba 20 (miliba 1,000 ne bar 1), mu kuwa gas ɗin tukunya muke da shi, G30 ko G31, wanda ke aiki tsakanin miliba 28 zuwa 37 kuma yake buƙatar ƙananan kafofin fita. Ko da ranar da gas ɗin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, zai iso ƙofar masaukin, sai an sake saita ta kafin a jona.

Mai Wayarin, Sabon Gari:

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ɗan'uwa, abin da ka bayyana game da janareta na gamu da shi fiye da sau ɗaya, kuma kusan kullum ba boilar ce ke da laifi ba.

Irin waɗannan boiloli suna tabbatar da cewa wuta ta kama ne ta hanyar wani siririn ƙarfe da ke tsaye a cikin harshen wutar. Allon sarrafawa yana ba ƙarfen lantarki, harshen wutar kuma yana iya ɗaukar wani ɗan mitsitsin lantarki, 'yan miliyantaka na amfiya, ya kai shi jikin murhun, daga nan ya bi wayar ƙasa ya koma. Idan allon ya ga wannan ɗan lantarki, sai ya bar gas a buɗe. Idan bai gan shi ba cikin 'yan daƙiƙu, sai ya ɗauka wuta ba ta kama ba, ya rufe gas, ko da kai kana kallon harshenta shuɗi ta tagar leƙe. A allo da yawa, wannan hanya ba ta cika sai nutural, wato wayar da lantarki ke komawa ta cikinta, tana haɗe da ƙasa a tushen wutar. A wutar NEPA an yi wannan haɗi a tiransifoma. A janareta kuwa sau da yawa masu girkawa kan manta, musamman idan canjoba ɗin, wato makunnin sauya wuta tsakanin NEPA da janareta, mai ƙafa huɗu ne da ke yanke har da nutural, sai a bar ta tana lilo ba ta jingina da komai ba. Ƙwan fitila da fanka ba su damu ba, shi ya sa ake shekaru ba a gane ba.

Gwajin ba ya cin minti biyar ga wanda ya iya. A sa mitar gwaji a bakin wayoyin da ke shiga boilar, a auna tsakanin waya mai wuta da nutural, ya kamata a ga kusan bolt 230. A auna tsakanin mai wuta da wayar ƙasa, a ga kusan haka nan. Sannan a auna tsakanin nutural da wayar ƙasa, wanda bai kamata ya wuce 'yan bolt kaɗan ba. A yi haka a kan NEPA, a sake a kan janareta. Idan na ukun ya nuna bolt hamsin ko ɗari a kan janareta, an gano ciwon. Idan kuwa ya nuna 230 cif, to an juya mai wuta da nutural ne a wani wuri. Maganinsa shi ne a haɗa nutural da ƙasa a jikin janaretan kansa, tare da sandar ƙasa tasa, bayan an duba irin canjoba ɗin, domin ba a son haɗin ya zama a wuri biyu lokaci ɗaya. Ina roƙonka kada ka yarda a yi wannan haɗi da guntuwar waya a cikin akwatin boila, domin ranar da nutural ta tsinke a hanya, jikin boilar da duk bututun ƙarfen da ke manne da ita za su ɗauki wuta, kuma ƙarshen waɗannan bututu a banɗakin baƙi yake. Idan mai gida ba ya son a taɓa janareta, ana iya sa wa boilar ƙaramin tiransifoma mai raba wuta, a ɗaure ƙafa ɗaya ta fitarsa da ƙasa.

Kafin a gyara, ka daina danna maɓallin sake tashi sau da yawa a jere, domin kowane gwaji yana sakin gas a ɗakin ƙonewa.

Idan famfunanka masu layin wuta uku ne, ka duba juyawarsu a kan wutar biyu. Idan jerin layukan janareta ya saɓa da na NEPA, famfo zai juya da baya, yana ƙara kamar yana aiki alhali ruwan da yake turawa kaɗan ne, boila ta yi ta zafi. Rile, wato makunni mai aiki da kansa da ke lura da jerin layi da ɗaukewar layi ɗaya, ba shi da tsada idan aka kwatanta da sake naɗa wayar motar famfo idan ta ƙone, kuma a garin nan mun san yadda layi ɗaya ke tafiya ya bar biyu. Kowane famfo ya sami kontakta tasa, wato makunnin da ke tada shi da kashe shi, da abin kariyar lodi da aka saita daidai da amfiyar da ke rubuce a farantinsa. Motar famfo mai kilowat 1.5 a bolt 400 ba ta wuce amfiya uku da 'yan kai ba, saboda haka bireka mai amfiya 32 ba za ta kare ta daga ƙonewa ba. Allon boilar kuma ya sami tasa ƙaramar bireka, da sitabilaiza, da abin kare shi daga bugun wuta.

Game da shawarar haɗe makunni, ga yadda abin yake. Makunnin ƙarancin matsi, da na gudun ruwa, da na zafin da ya wuce kima, da maɓallin gaggawa da ya kamata ya kasance a bakin ƙofa ta waje, duk a jere ake ɗaura su kamar ƙwayoyin carbi a zare ɗaya, ta yadda ko wanne ya buɗe, bawul ɗin gas zai rufe. Wanda ya haɗe ɗaya daga ciki ya ba boilar izinin hura wuta a kan tukunyar da babu ruwa. Akwai kuma abin da ya haɗa maganata da ta Injiniya. An tsara famfo ya ci gaba da juyawa na wasu mintuna bayan wuta ta mutu, don ya kwashe zafin da ya rage a jikin ƙarfe. A wurinmu ana ɗauke wuta ne ba sallama, famfo ya tsaya cak, ruwan cikin boila ya ci gaba da ɗaukar zafi kafin a tada janareta. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayen babban tanki.

Ka lura da launin waya. A tsohon tsari layuka ja ne da rawaya da shuɗi, nutural baƙa. A sabon tsarin da kayan Turai ke zuwa da shi, layuka ruwan ƙasa ne da baƙi da toka, nutural kuma shuɗiya. Ka ga baƙa da shuɗiya sun yi musayar aiki, don haka a gwada kowace waya, kada a dogara da launi. Sandar ƙasa kuma yanzu ne lokacin auna ta, da rani, lokacin da jar ƙasarmu ta bushe ƙamas, domin abin da ta nuna a watan Agusta ba shi za ta nuna a Fabrairu ba. Wanda zai yi aikin ya kasance mai shaidar hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba irin waɗannan haɗe-haɗe tun 2015.

Baba Tsohon Ma'aikaci, Tudun Jukun:

Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Na yi shekara ashirin da biyu a ɗakin boila na wata masaƙa a Kaduna kafin a rufe ta. Namu na tururi ne, sun fi naka girma nesa ba kusa ba, amma halin ruwa da wuta ɗaya ne. A wani ƙaramin layin ruwan zafi da muke da shi, wani ya taɓa ɗaure bawul ɗin tsaro da waya saboda ɗigarsa ta dame shi, bai gaya wa kowa ba. Da dare na'urar kashe wuta ta maƙale. Ruwan da ke cikin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, amma da ya sami kafa sai wani sashensa ya zama tururi nan take, kuma lita ɗaya ta ruwa tana zama kusan lita 1,700 ta tururi. Mahaɗa ta ɓalle a daidai lokacin da abokin aikina ke wucewa. Ni na cire masa riga, fatar kafaɗarsa ta biyo ta. Ya rayu, amma hannun bai sake ɗaguwa sama da kai ba.

Ina da ra'ayin da ya ɗan saɓa da na Injiniya, ya yi mini afuwa. A ganina, a inda babu mai kula na kullum, buɗaɗɗen tsari ya fi kwanciyar hankali. A ɗora ƙaramin tanki a sama da komai, mai ƙwallon da ke tsayar da ruwa, a ja buɗaɗɗen bututu daga boila ya leƙa bakinsa. Ruwa ya kumbura ya hau, ya huce ya sauko, babu roba balle ta fashe, babu iskar da za ta tsere.

Abin da ba a taɓo ba shi ne ruwan kansa. Duk safiyar da ka ƙara sabon ruwan rijiyar burtsatse, ka shigar da sabuwar iska mai kawo tsatsa, da gishirin ƙasa da ke daskarewa ya zama ɓawo a inda wuta ta fi zafi. Ka dubi cikin butar shayin da ta shekara tana aiki, za ka fahimce ni. Ka kai ruwan a gwada, ka wanke bututun sarai kafin cikawar ƙarshe, ka zuba maganin hana tsatsa da masu boilar suka amince da shi, kuma ka bar mitar ruwan nan a wurinta, domin ita za ta fara sanar da kai idan yoyo ya samu. Ɗakin kuma ya sami kafar iska a ƙasa da sama. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka na'urar jin warinsa kusa da daɓe ake sa ta, ba a silin ba.

Injiniyan Samaru:

Baba, Allah ya ƙara girma, babu abin afuwa a nan, domin daga irinku muka koya. Buɗaɗɗen tsari yana da amfanin da ka faɗa, kuma da tsohuwar boilar ƙarfen zubi ce da zan goyi bayanka. Abin da ya sa na tsaya a kan rufaffe a wannan aiki shi ne, tankunan suna kan rufin bene, don haka sai an gina wata hasumiya sama da su. Buɗaɗɗen tanki kuma yana shan iska kullum, ga ƙurar hunturu da ba ta jin murfi, sannan sababbin boiloli da dama masu ƙera su sun shardanta rufaffen tsari da mafi ƙarancin matsi. Malam ya duba littafinta, abin da ya ce shi za a bi. Idan ana tsoron rashin mai kula, akwai na'urar cikawa da kanta, mai ƙaramin tanki da famfo, wadda ke ƙara ruwa idan matsi ya sauka, ta kuma yi ƙara idan ƙarin ya yi yawa. Sai dai ba ta maye gurbin tankin faɗaɗa, kuma idan aka sa ta a kan ƙaramin tanki, ɓoye ciwon kawai za ta yi, tana cikawa bawul yana zubarwa.

Hajiya Mai Kula da Makarantar Kwana:

Assalamu alaikum. Ni ba ma'aikaciyar famfo ba ce, amma ina kula da ɗakunan kwanan ɗalibai mata, kuma muna da irin waɗannan tankuna. Malam, idan mai masauki ya ce a rage zafin tankunan wanka zuwa digiri 40 don tsimin gas, ka fahimtar da shi haɗarin. Ƙwayar cutar Lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taro a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ta feshin shawa take shiga huhu. Shi ya sa ake ajiye ruwan a digiri 60. Amma ruwa mai wannan zafi yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, musamman ta yara da tsofaffi, don haka ake sa bawul mai gauraya shi da na sanyi kusa da banɗaki, ya fito bai wuce digiri 43 ba. Mu kuma mun ajiye littafi a ɗakin boila, maigadi yana rubuta abin da allura ta nuna safe da yamma, kuma da wannan littafin muka taɓa gane cewa iskar tankinmu ta ragu tun kafin ruwa ya fara zuba.

Mai Aikin Famfo, Tudun Wada:

Allah ya saka muku da mafificin alheri, Baba, Hajiya, Injiniya da ɗan'uwana mai wayarin. Na jinkirta amsa ne don in dawo da abin da na gani da idona.

Na zubar da ruwan jan tankin na auna iskarsa da ma'aunin mai facin bakin titinmu, sai na tarar da bar 0.7 kacal. Ashe tun kafin a kunna wuta ruwa ya riga ya cinye kusan sulusinsa. Na nuna wa mai masauki lissafin a takarda, ya amince, muka aiko da mai lita 80 daga Kano. Na hura shi zuwa 1.5, na mayar da mahaɗarsa bayan famfo domin a da a gabansa na sa ta, muka wanke bututu har ruwa ya fito garau, sannan na cika zuwa 1.7. Yau kwana shida ke nan, idan zafi ya kai digiri 80 allura tana tsayawa a 2.3, da safe kuma in same ta a 1.7, daɓen ɗakin a bushe. Littafin boilar ya ce rufaffen tsari kawai, Baba, shi ya sa ban gwada buɗaɗɗen ba, amma mitar ruwa tana nan kamar yadda ka umarta, kuma na kai ruwan rijiyar gwaji.

Mai wayarin da ke da shaida ya zo ranar Talata. Tsakanin nutural da ƙasa ya sami bolt 2 a kan NEPA, a kan janareta kuwa 96. Ya yi haɗin a jikin janareta, ya kafa sabuwar sanda, boilar ta kama ta zauna tun gwajin farko. Ya kuma tarar famfunan suna juyawa da baya a kan janareta, ya sauya layi biyu a canjoba, ya sa rile.

Farantin boilar ya nuna an riga an mayar da ita G31, wato gas ɗin tukunya. Abin da ya rage shi ne na'urar jin gas, wadda masu kawo gas suka ɗaura a sama kusa da fitila, sun yi alkawarin sauko da ita, da kuma mai na'urar auna hayaƙi da zai zo daga Kaduna ranar Asabar ya daidaita iska da gas. Bawulolin gauraya ruwa na hawa na farko sun iso, na sauran ɗakunan muna jira, kuma na gaya wa mai masauki kada a buɗe wa baƙi ruwan zafi a ɗakunan da ba a sa wa ba tukuna.